Ƙauyuka Tara da Aka Jingine

Shafi na 27

Masu turo min saƙo tun da safe kuna cewa na bar Dakta a ɗakin ajiyar takardu na yi tafiyata, to ga ta nan ta fito, kuma ba da wasa ta fito ba. Wanda yau ne farkon shigowarsa ya samu wuri ya zauna, ba zai ɓata ba.

*

Ƙarfe tara da rabi na safe Dakta ta tura ƙofar ofishin Farfesa da ƙafa, don hannayenta biyu na rungume da kwali.

Ko sallama ba ta yi ba. Shekara goma sha biyar tana shiga ofishin nan da ladabi, yau ta bar ladabin a mota.

Ta dire kwalin a kan tebur, sai da kofin shayinsa ya girgiza.

Farfesa ya ɗago, ya sauke tabarau zuwa kan hanci.

"'Yata, lafiya? Ai taron sai sha biyu."

"Lafiyar ce ta kawo ni, Baba."

Baba take ce masa in suna su biyu. Aminin mahaifinta ne, shi ya ciro ta daga ajin lissafi ya sa ta a fannin tattalin arzikin kiwon lafiya, aikin da har gobe danginta ba su gane kansa ba. Gwaggonta kan ce, "Wai Dakta! Ka kawo mata ciwon kai, sai ta tambaye ka nisan gidanka da asibiti." Kuma gwaggon ba ta yi ƙarya ba, aikin ke nan. In abin kashewa kaɗan ne, marasa lafiya kuma da yawa, ita ce mai auna inda za a sa shi ya ceci rai mafi yawa.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, bincikenta na digiri na uku ya nuna cewa in aka rufe ƙananan asibitocin karkara, aka haɗa ma'aikatansu da magungunansu a manya, ba wanda zai yi tafiyar da ta wuce awa ɗaya kafin ya ga likita. Ma'aikatar lafiya ta karɓa hannu biyu, ta rufe ashirin da shida. Da wannan binciken sunanta ya fita. Yau kuma da sha biyu za ta tsaya gaban manya ta ce a rufe wasu arba'in.

Sai makon jiya wata tsohuwar ungozoma ta zo ta same ta da sunayen mata talatin da huɗu. Dukansu daga ƙauyuka tara na ƙetaren kogi. Dukansu a hanyar asibiti suka cika, da naƙuda.

"Buɗe ka gani," in ji Dakta.

Bai buɗe ba. Kallon kwalin kawai ya yi, irin kallon da mutum ke yi wa wanda ya sani amma ba ya son su gaisa.

Ta buɗe da kanta. Takardun tambayoyi ne, sun yi rawaya, ruwa ya taɓa su tawadar ta baje.

"Ƙauyuka taran nan an je su, Baba. An yi musu tambayoyi kamar kowa. Ga amsoshinsu nan. Amma ba a taɓa shigar da ko ɗaya a kwamfuta ba. Kwana uku na yi ina karanta su da gilashin ƙara girma. Ka san awa nawa suke yi da damina kafin su isa babban asibiti?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Biyar. In an samu kwalekwale ke nan."

"Zauna."

"Ba zan zauna ba. Na sake lissafin da su a ciki. Asibitoci uku daga cikin waɗanda aka rufe bai kamata a taɓa su ba. A cikin arba'in ɗin yau kuma, goma sha ɗaya irinsu ne. Wa ya cire ƙauyukan nan daga aikina?"

Farfesa ya cire tabarau gaba ɗaya, ya shafa fuska.

"Bari in tambaye ki. A wannan ƙetaren namu, mata nawa tsarin nan ya ceta?"

"Da yawa."

"Faɗi adadin. Ke kika ƙirga."

"Sun haura dubu biyu."

"Dubu biyu. In kika hau mumbarin can kika ce akwai kuskure, kin zaci za su ce a gyara asibitoci uku? Ba kin san su ba? Duka za su watsar. Gobe wanda ya fi kowa baki shi zai ce a gina asibiti a ƙofar gidan surukarsa, kuma ba mai sake sauraren mai lissafi a ƙasar nan har mu mutu. Shekara talatin na yi ina roƙonsu su dubi adadi kafin su yanke hukunci. Ki rushe shi a minti goma?"

Maganar ta dake ta, don ba shirme ba ce. Ta san mutanen da yake nufi, ta zauna da su a kwamiti.

Amma ta daure.

"In adadin da muke so su duba na ƙarya ne, me muka gina, Baba?"

"Ba ƙarya ba ne. Giɓi ne."

"Giɓin da mata talatin da huɗu suka faɗa ciki."

"Ki bari a wuce yau. A hankali, a ɓoye, za mu gyara."

"Yau za a sa hannu. Wata mai zuwa a kwashe gadaje. Yaushe ne a hankalin?" Ta dafa teburin. "Kuma ba ka amsa min ba. Kai ka cire su?"

Ya ajiye tabarau a kan tebur. Sannan ya miƙe, ya je ga durowar ƙarfen da ke bayan ƙofa, ya lalubo makulli a aljihu. Bai yi ta bincike ba. Hannunsa ya tafi kai tsaye inda abin yake.

Takarda ɗaya ce, an yage ta daga littafin rubutu. Ya ajiye a gabanta.

"Karanta."

Ba sai ta karanta ba ta gane rubutun. Yadda ake jan wutsiyar harafi ƙasa, yadda ake sa wa bakwai ɗamara. Mutum ɗaya ke yin haka.

"An jingine ƙauyuka tara. Takardun sun jiƙe, ba sa karantuwa. Za a koma bayan damina."

Ga sa hannunta a ƙasa. Ga kwanan wata.

Ta zauna. Kujerar da ta ƙi ɗazu, ita ta tare ta.

Komai ya dawo mata lokaci guda. Cikinta wata takwas, ƙafafu sun kumbura ba sa shiga takalmi. Masu ɗaukar nauyin binciken sun ce a miƙa aikin ranar Juma'a ko a daina. Motar da ta ɗauko takardun ruwa ya dake ta a hanya. A tsaye ta rubuta wannan takarda, a kan wannan teburin. Kwana biyu bayan nan ta haihu, yaron ya zo ba ƙwari, ya yi mako biyar a kwalba. Da ta dawo aiki an riga an ɗinke kundin, ana ta yi mata barka.

Damina goma sha ɗaya ta wuce. Ba ta koma ba.

Mantawa ta yi, ko kuwa ƙin tunawa ta yi? Ta nemi amsar a zuciyarta, ba ta samu mai daɗi ba.

"Kin ga abin da ya sa nake cewa ki zauna," Farfesa ya ce da murya ƙasa-ƙasa. "Kina neman ɓarawo da fitila, 'yata. Ni rufa miki asiri nake yi."

Ya jawo wata takardar daga fayil, fara sol, mai tambarin jami'a, ya ajiye kusa da ta farkon.

"Ƙarin girmanki ne. Farfesa. Jiya aka kawo, sa hannuna kawai ya rage. Ki je ki karanta jawabin da aka shirya, ki dawo ki karɓi abinki. Waccan kuma in ƙona ta a gabanki."

Dakta ta dubi takardun biyu.

Sai idonta ya sauka can ƙasan tsohuwar, a kusurwa. Da jan biro an rubuta, "Na gani." Da sa hannun da ta sani kamar nata.

Ta ɗago a hankali.

"Ka gani."

"Na gani."

"Ni na tafi asibiti da jariri a kwalba. Kai kana nan. Ka gani, ka ɗinke kundin, ka kai ma'aikata. Sannan ka ajiye wannan a durowa shekara goma sha ɗaya, da makulli a aljihu." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Mai rufin asiri ƙonawa yake yi tun ranar, Baba. Igiya ka ajiye, don ranar da zan yi gardama."

"Ki iya bakinki! Ni kike gaya wa haka? Da ubanki na raye..."

"Da yana raye, shi zai riƙe min kwalin nan har zauren."

Ta miƙa hannu. Ya zaci farar za ta ɗauka, har fuskarsa ta fara saki. Tsohuwar ta ɗauka, ta ninke, ta sa a jaka.

"Ajiye min takardata."

"Rubutuna ne. Kayana ne."

"In kika fita da ita, na cire hannuna a kanki. Ba ƙarin girma, ba ofis, ba ɗalibai. Ko mujallar da ta buga aikinki sai ta janye shi. Za a nuna ki da yatsa a duk taron da kika shiga, in ma an gayyace ki."

"Na sani."

"Ba ki sani ba! Na ga waɗanda aka yi wa haka."

Ta rungumi kwalinta. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Nawa laifin zan faɗa, Baba. Ba zan kira sunanka ba. Naka kai ka san inda za ka kai shi."

*

A kan bencin da ke wajen zauren taro ta tarar da ungozomar. Tsohuwa ce siririya, gwiwa ɗaya ba ta lanƙwasuwa, sai ta miƙe ta gaba. Tun asuba ta hau mota.

"'Yar nan, kin gano shi? Wanda ya share mu daga takarda?"

Dakta ta tsaya a gabanta.

"Na gano, Iya."

"Yana nan?"

"Yana nan. Ki shiga ki zauna a gaba, inda za ki ji da kyau."

Tsohuwar ta dafa sandarta ta shiga.

Dakta ba ta gama sauke numfashi ba sai ga ƙamshin turare ya cika barandar. Yayarta ce. Ita ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarsu, da albashinta na teburin karɓar baƙi da wasiƙu a wannan cibiyar binciken da Dakta ke aiki ta biya mata karatu, kafin ta yi ritaya. Yau ta sha sabon ɗinki shuɗi har da mayafinsa.

"Ke, dube ni da kyau! Tela sai da na zauna masa a shago kwana biyu. Yayar farfesa guda ba za ta zo da tsohon kaya ba." Ta tsaya, ta ƙare mata kallo. "Mene ne? Fuskar nan kamar an aiko miki da rasuwa. Kuma wannan kwalin bolar fa?"

"Yaya, in kika ji abin da ba ki so a ciki, kada ki tashi. Ki zauna har in gama."

"Me za ki yi?"

"Aikina."

"Auta, ni na raine ki. In kika ce 'aikina' da wannan muryar, wani abu za ki fasa. Don girman Allah, yau ɗaya, ki bar mu mu ji daɗi."

Aka leƙo aka ce ana jiran Dakta.

*

Zauren ya cika. Manyan ma'aikata a layin gaba, 'yan jarida a gefe da kyamarori, ɗalibanta a baya. Darakta, shugaban cibiyar, ya yi minti bakwai yana yabonta, ya kira ta abin alfaharin ƙasa. Aka tafa.

Ta hau. Ta ajiye kwalin a kan mumbari. Jawabin da aka shirya yana haske a allon bayanta, ba ta ko waiwaya ba.

"An ce in zo in gaya muku a rufe asibitoci arba'in," ta ce. "Ba zan faɗa ba."

Tafin da ya rage ya mutu.

"Tsarin da muka yi shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya ceci mata fiye da dubu biyu. Wannan gaskiya ne, ina nan a kansa, wanda ya so mu zauna mu ƙirga. Amma an bar ƙauyuka tara a waje. Na ce muku tafiyar awa ɗaya ce. Tasu awa biyar ce. Mata talatin da huɗu sun mutu a hanya."

Darakta ya miƙe yana murmushin dole.

"Dakta, ina ga wannan magana ce ta cikin gida..."

"Shekara goma sha ɗaya tana cikin gida, ranka ya daɗe. Ta isa fita."

Ya yi wa mai na'ura alama da ido. Lasifikar ta yi ƙara ta ɗauke.

Dakta ta ƙwanƙwasa ta sau ɗaya. Ta ture ta gefe, ta zagayo gaban mumbarin. Mace ce da ta saba koyar da aji mai mutum ɗari uku ba wuta.

"Na baya, kuna ji na?"

"Muna ji!" ɗaliban suka amsa.

"Goma sha ɗaya daga cikin arba'in ɗin nan irin waɗancan ne. Duk wanda ya sa hannu yau, ya sa ne yana sane, don na gaya masa a gaban kyamara. Ga sunayen asibitocin a kwalin nan, ga lissafin, kowa ya ɗauka ya bincike ni."

Wani ɗan jarida ya ɗaga murya. "Dakta, wa ya bar ƙauyukan a waje?"

Ta buɗe jaka. Ta ɗaga takardar sama, babban yatsanta a kan kusurwar da jan biro yake.

"Ni ce. Ga rubutuna. Na ce zan koma, ban koma ba."

Zauren ya kaure. Wani na cewa a kira masu gadi, wani na cewa a bar ta ta gama. Darakta ya haye matakala yana faɗin an dakatar da taro, an kuma dakatar da ita daga aiki daga wannan minti.

"Na ji," ta ce masa. "Ka rubuto. Amma asibiti goma sha ɗayan nan, sai dai ku rufe su da sunanku, ba da nawa ba."

Sai ƙarar sanda a kan tayil.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ungozomar ce ta taso, tana jan ƙafarta. Mutane suka dare mata ba wanda ya ce su yi. Ta tsaya a ƙasan mumbarin, ta ɗaga kai.

"Ke ce?"

Dakta ta sauko matakalar, ta tsaya daidai da ita. Ba ta sunkuyar da kai ba, amma hawayen ya zubo.

"Ni ce, Iya."

"Na zauna a ofishinki, kin ba ni ruwa, kin ce sai kin nemo min shi."

"Ban sani ba a lokacin. Yau da safe na sani. Ba ina neman ki yafe min ba ne."

"Ban ce zan yafe ba." Tsohuwar ta gyara riƙon sandarta. "Amma akwai abin da ban gaya miki ba makon jiya, don na ga kin saurare ni, ban so in tayar da tsohon zance ki kore ni. Mantuwar shekara ɗaya na yarda. Wasiƙuna fa?"

"Waɗanne wasiƙu?"

"Uku na rubuto miki. Da sunanki a baya. Ta farko mata biyu ne kawai suka mutu lokacin. Biyu! Da ƙafata na kawo su ginin nan, lokacin ƙafar na aiki."

"Wallahi, Iya, ko ɗaya ban taɓa gani ba."

"To wadda na ba ta ce ta sa miki a hannu. Sau uku tana ce min haka."

"Wa kika ba?"

Ungozomar ta juya a hankali. Ta bi layukan kujerun da ido, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ɗaga sandarta ta nuna can wajen ƙofa.

"Ga ta can. Mai shuɗin mayafi."

Yaya ta riga ta tashi, jakarta a hammata, hannunta a kan mariƙin ƙofa.

Dakta ta yi taku ɗaya zuwa wajenta.

"Yaya?"

Yaya ba ta buɗe ƙofar ba. Ba ta kuma juyo ba.

"Yaya, ki ce ba ke ba ce. Ki ce tsohuwa ce, ido ya gaza."

Yaya ta gyara jakarta a hammata.

"Ba uku ba ne, Auta," in ji Yaya, fuskarta na kallon ƙofa. "Bakwai ne. Ba ita kaɗai ta rubuto ba."